Uba Ɗaya, Likitoci Uku

Akwai wani tsohon kafinta da ya shafe shekara arba'in da ɗoriya yana aiki a shagon da ke manne da ƙofar gidansa. Rabin kujerun layinsu daga hannunsa suka fito. Tun da aka turo mini labarinsa nake jin haushi, don haka ku yi haƙuri da ni idan na ɗan yi zafi.

Tsufa ya zo wa Baba da ciwon mantuwa. Zai sha shayi, ya ajiye kofi, ya tambaya yaushe za a kawo shayi. Wata rana ya gane 'ya'yansa sarai, wata rana ya gaishe su kamar masu sayen kaya.

Amma hanyar ɗakinsa zuwa shago ba ta taɓa ɓace masa ba. Da hantsi zai fito, ya zauna a benci, ya ɗauki guntun katako da samfefa ya yi ta gogewa. An kwashe zarto da guduma da duk wani abu mai kaifi. Bai damu ba, in dai an bar masa bencinsa.

'Ya'yansa uku ne. Babban shi ne Injiniya, mai gida mai bene a can wani gefen gari. Sai Malama, mai koyarwa a makarantar sakandare. Sai Auta, direban motar haya, wanda ke zaune a gidan tare da matarsa. Shekararta tara da aure, amma har yau Amarya ake kiranta. Ita ke yi wa Baba wanki, ita ke dafa masa abinci, ita ke canja zanin gado idan an yi ɓari.

Rigimar ta tashi ne a kan inda Baba zai zauna.

Injiniya ya ce gidansa za a kai shi. Akwai ɗaki mai sanyi, akwai maigadi, kuma zai ɗauko ma'aikacin jinya. Malama ta ce wa ya ga namiji da jinya, ita ce 'ya mace, wurinta ya dace. Auta ya ce babu inda Baba zai je, a nan aka haife su, a nan zai zauna.

Suka buɗe guruf a waya, suka sa masa suna Lafiyar Baba. Jama'a, saƙo ɗari biyu a rana! Wannan ya turo murya ta minti tara, waccan ta fita a fusace a sake sa ta. A cikin saƙonnin nan duka babu wanda ya taɓa tambayar ko Baba ya ci abinci yau.

Da aminci ya ƙare tsakaninsu, sai kowa ya fara aiki a ɓoye.

Auta dama yana da katin asibitin da Baba ya saba zuwa, da maganin hawan jini da na barci da aka rubuta masa. Injiniya ya ce wannan asibitin talakawa ne. Wata Asabar ya zo ya ce zai fita da Baba shan iska, ya wuce da shi wurin nasa likitan. Malama ta ji ƙishin-ƙishin, ta ce ita ma ai ba daga sama ta faɗo ba. Ta kai shi wurin mijin ƙawarta, shi ma likita.

Babu wanda ya gaya wa likitansa cewa akwai wani likitan. Faɗin haka ai kamar yarda ne cewa ɗan'uwa ma yana ƙoƙari, kuma wannan ne ba za su iya ba.

Haka aka koma. Injiniya ya biyo da safe a hanyarsa ta ofis, ya ciro ƙwayoyi daga jakarsa, ya ba Baba da hannunsa. Malama ta biyo bayan an tashi makaranta, ta ba shi nata. Auta ya dawo da yamma ya ba shi nasa. Kowa ya tafi da kwalinsa, kowa yana ganin shi kaɗai ne ɗan albarka.

Amarya tana gani. Ta fara samun Injiniya, ta durƙusa.

"Yaya, da ma maganar maganin nan ne. Na ga Anti Malama ma tana ba shi wani da rana."

"Ke likita ce?"

"A'a, Yaya."

"To ki tsaya a kicin. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Ta sami Malama. Malama ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma bare ce za ta koya mini kula da ubana?"

Ta sami mijinta. Shi kuwa ya gaji, yana cire takalmi ya ce, "Don Allah ki rufa mini asiri. Kar ki shiga faɗan 'yan'uwa, gobe mu shirya a bar ki da kunya. Nasu ai na ƙarin jini ne, nawa ne na gaske."

Na ƙarin jini! Ko kwalin bai taɓa gani ba.

Cikin wata guda Baba ya canja. Ya fara gyangyaɗi a kan benci, katako na faɗuwa daga hannunsa. Idan ya miƙe sai jiri ya kwashe shi. Daga baya ya daina fita shago gaba ɗaya, ya wuni kwance, ana magana yana kallon silin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ran nan da safe ya tashi zai shiga banɗaki, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Ya faɗi, goshinsa ya bugi bakin ƙofa. Aka yi masa ɗinki huɗu.

Ku faɗa mini, wa kuke tsammani aka ɗora wa laifi?

"Tana ina ya faɗi?" in ji Malama a guruf. "Tana can tana danna waya."

Amarya kuwa a lokacin tana bayan gida tana wanke zanin gadon Baba.

Injiniya ya turo saƙo ɗaya tak: "Ciwo ya yi nisa, kuma babu kulawa. Ranar Asabar mota za ta zo ta ɗauke shi. Na gama magana."

Amarya ba ta yi kuka ba, ko da yake ta cika ta yi fam. Ta san Baba. A gidan nan ko ido rufe ya san inda komai yake. An taɓa kai shi gidan Injiniya wuni ɗaya, ya yi ta zagaye falo yana neman ƙofa yana kuka kamar yaro. Idan aka raba shi da gidan nan, ɗan abin da ya rage masa shi ma ya tafi.

Sai ta buɗe kwandon shara. Dama ta kwana biyu tana tsince katin ƙwayoyin da kowa ya gama ya jefar. Ta haɗa su a leda, ta saka mayafi, ta nufi kemis ɗin bakin titi.

Mai Kemis dattijo ne, ya yi shekaru yana ba da magani a asibiti kafin ya buɗe shagonsa. Kantocin shagon ma Baba ne ya buga masa. Mutum ne mai faɗa, kuma yana da ɗabi'a ɗaya da kowa ya san shi da ita: ba ya maganar magani da baki. Ka ce masa fari ne ɗan ƙarami, zai ce maka gishiri ma fari ne. Sai ka kawo kwalin ya juya bayansa.

Amarya ta zazzage ledar a kan kanta. Ya gyara tabarau, ya dinga juya katunan ɗaya bayan ɗaya, yana karanta ƙananan rubutun. Ya ware uku gefe ɗaya. Ya ware biyu wani gefen. Sannan ya cire tabarau.

"Mutum nawa ke shan wannan?"

"Baba ne kaɗai."

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata ɗaya da rabi. 'Ya'yansa uku, kowa na ba shi nasa."

"Innalillahi. Kuma yana raye?" Ya miƙe. "Ba ni lambobinsu, su ukun."

Ban san abin da ya gaya musu a waya ba. Na dai san ranar Alhamis da yamma su uku suka hallara a shagon Baba, kowa fuska a murtuke, kowa da jakarsa kamar yadda aka umarce shi.

Mai Kemis ya sa aka fito da Baba, aka zaunar da shi a kujera mai hannu, aka tokare shi da matashi. Injiniya ya ce ai da an bar shi ya huta.

"Maganarsa za a yi. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan," in ji Mai Kemis. Ya jawo aljihun tebur. "Wayoyinku a nan. Duka. Ke ma 'yar nan, zo ki zauna."

"Ita kuma a su wa?" in ji Malama.

"A wadda ta san abin da ba ku sani ba. Yanzu kowa ya zazzage jakarsa a kan bencin nan."

Aka yi cirko-cirko. Auta ne ya fara. Malama ta bi, tana hura hanci. Injiniya ya ciro nasa a hankali, kwalaye masu sheƙi, ya jera su nesa da na sauran kamar kar su shafa musu talauci.

Mai Kemis ya ɗauki kwali ɗaya daga kowane tuli.

"Injiniya, ka yi karatu. Karanta mini babban sunan nan."

Ya karanta. Sunaye uku daban-daban.

"To juya. Karanta ɗan ƙaramin da ke ƙasa."

Injiniya ya karanta na farko. Ya karanta na biyu, muryarsa ta ragu. Na uku bai karanta a fili ba.

"Babban suna na kamfani ne," in ji Mai Kemis. "Ƙaramin shi ne maganin. Maganin hawan jini ɗaya ne, kuna ba shi sau uku. Jinin da ake so ya sauka kaɗan, kun tura shi rijiya. Waɗannan biyun kuma na barci ne, ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Saurayi majiyi ƙarfi ma aka ɗura masa wannan, sai an ɗauke shi a kafaɗa. Ku kuna cewa ciwo ya yi nisa. Wane ciwo? Ku ne ciwon!"

Kun zaci jikinsu zai yi sanyi? Ina!

"Ai ke ce kika fara ɓoye-ɓoye!"

"Ni? Wa ya ce shan iska zai kai shi?"

"Da kun bar ni da katina da duk haka ba ta faru ba!"

Mai Kemis ya ɗauki guntun katako ya buga a benci, har Baba ya buɗe ido.

"Ban rufe shagona na zo rabon laifi ba. Laifi ya ishe ku, kowa ya samu. Tambaya zan yi. Wane gefe Baba ke kwanciya?"

Suka kalli juna.

"Da wane hannu yake riƙe kofi yanzu? Wane lokaci kansa ya fi zama daidai? Me ke tayar masa da hankali?"

Malama ta hau gyara ɗankwali. Auta ya sunkuyar da kai.

"Faɗa musu, 'yar nan."

Amarya ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Gefen dama yake kwanciya, saboda kafaɗar hagu. Kofi da hannu biyu. Kansa ya fi kyau da hantsi, bayan ya karya. Ba ya son a tsaya a kansa ana magana da ƙarfi. Kuma in za a ba shi abu, yana so a gaishe shi tukuna a gaya masa ko mene ne."

"Ta gaya muku maganar maganin nan ko ba ta gaya muku ba?"

Su ukun suka kau da kai. Wannan ma ai amsa ce.

Daga nan Mai Kemis ya sassauta murya, ya shimfiɗa musu sharuɗɗa. Yau ɗin nan, kafin a rufe asibiti, su uku su kai Baba wurin likitansa na asali da kwalayen nan gaba ɗaya. Kar wanda ya yi gigin tsayar da magani da kansa, likita ne zai faɗi yadda za a janye. Daga yau likita ɗaya, kati ɗaya, hannu ɗaya mai bayarwa, kuma hannun Amarya ne. Ranar da take son hutu ko zuwa gidansu, ɗayansu ya zo ya karɓe ta wuni cur, ba leƙe na minti goma ba.

"Maganar tashi kuma a jingine ta sati huɗu. Idan kansa ya washe, mu dawo nan da hantsi mu tambaye shi."

Injiniya ya yi wata 'yar dariya. "Haba Baba Mai Kemis. Mutumin da bai san yau wace rana ce ba, shi za a tambaya?"

"Ni ma sai na duba kalanda. Ba lissafin gini za ka tambaye shi ba. Tambayarsa za ka yi inda yake so ya kwana. In amsarsa na da haɗari, sai mu zauna mu ga yadda za a rage haɗarin. Amma a ji ta bakinsa tukuna."

Suka tafi asibiti a mota ɗaya. An ce da likita ya ga kwalayen, sai ya dafe kai ya daɗe bai ɗago ba. Ya rubuta yadda za a rage su a hankali, har aka dawo ƙwaya biyu a rana.

Sati na biyu Baba ya fara cinye abincinsa. Sati na uku Amarya ta leƙa ɗaki ba ta gan shi ba, ta fita nemansa da sauri. Ta same shi a shago yana faɗa, wai wa ya taɓa masa benci. Mantuwa dai tana nan, ba ta je ko'ina ba. Amma mutumin ya dawo cikin idonsa.

Ranar da sati huɗu suka cika, suka taru da hantsi. Injiniya bai haƙura ba. Ya zo da direba da babbar mota, har da katifa a baya, don yana da tabbacin Baba na ganin ɗakin zai amince.

Ya durƙusa gaban benci, ya buɗe hotuna a waya.

"Baba, ka ga ɗakin da na gyara maka. Ga gado, ga talabijin, ga banɗaki a ciki."

Baba ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi gadon nan?"

"Daga waje aka kawo shi, Baba."

"Ƙafarsa ba ta zauna ba. Ba zai shekara biyu ba." Ya miƙa wayar.

Mai Kemis ya matso. "Tsohon abokina, tambayarka ake. Can kake so ka koma, ko gidan Malama, ko nan?"

"In koma ina? Ina da aiki. Ga ɗakina can, ga shagona nan." Ya nuna su da hannu, bai yi kuskure ba. Aka sake tambayarsa ta wata siga bayan ɗan lokaci, ya ba da amsa iri ɗaya, har da tsaki.

A nan ya kamata Injiniya ya tsaya. Amma girman kai ba ya barin mutum ya tashi salin-alin. Ya so ya nuna wa kowa cewa tsohon bai san abin da yake faɗa ba.

"Baba, ka ma gane ni kuwa? Wane ne ni?"

Baba ya dube shi da kyau.

"Na gane ka mana. Kai ne mai kawo magani da safe."

Ya ɗaga hannu ya rufe bakinsa, ya yi magana ta bayan yatsu. "Yau ba na so. Don Allah, yaro, yau ba na so."

Malama ta matso da sauri, hawaye na zuba. "Baba, ni fa?"

Bai cire hannun daga baki ba. Ya ja jiki baya har ya jingina da bango, idonsa na neman wani. Da ya hango Amarya a bakin ƙofa sai ya sauke hannun, ya yi ajiyar zuciya.

"Yauwa, 'yata. Zo ki ba baƙin nan kujera, sun daɗe a tsaye. Ki gaya musu na riga na sha nawa maganin."

Wallahi ko ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya.

Injiniya ya miƙe ya fita. Ya sallami direba da katifarsa. Ya tsaya a bakin titi ya juya wa shagon baya, kafaɗunsa na rawa, babu wanda ya je ya taɓa shi. Da ya dawo, gaban Amarya ya tsaya, ya buɗe baki sau biyu kafin maganar ta fito.

"Ki yafe mana."

Baba yana gidansa har yau. An sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, an cire dakalin bakin ƙofa. Malama na karɓar Laraba da Lahadi, Injiniya na zuwa kowace Asabar hannu rabbana, ya wuni zaune a gefen benci. Wata shida ke nan, Baba bai kira shi da sunansa ba ko sau ɗaya. Sai dai makon jiya, da ya shigo ya yi sallama, Baba bai rufe baki ba.

Darasi: Jinyar iyaye ba gasar nuna wanda ya fi ƙauna ba ce. Idan tsufa ya taɓa hankalin mahaifi, ku haɗa kai a kan likita ɗaya, ku daina ɓoye wa juna abin da kuke ba shi, ku saurari wanda ke wuni da shi ko da kuna ganinsa bare, kuma ku tambayi tsohon da kansa kafin ku yanke hukunci a kansa. In rigima ta fi ƙarfinku, ku kira mai gaskiya ya shiga tsakani tun kafin a faɗi a fasa goshi. Ka tura wannan zuwa guruf ɗin gidanku, musamman wurin wanda kullum yake cewa ya gama magana.